Hubbaren Shehu Abdulƙadir Jilani a Bagadaza: tarihinsa da ladubban ziyararsa

Wani ɗan'uwa da ke shirin tafiya Iraƙi ya aiko da tambaya kamar haka: "Malam, Allah ya nufe ni da zuwa Bagadaza, kuma ina son in ziyarci Shehu Abdulƙadir Jilani. Wa ya gina wurin, tun yaushe, kuma me ake yi idan an je? Na ji masu cewa duk abin da ake yi a can shirka ne, na kuma ji masu cewa duk wanda ya je buƙatarsa ta biya. Ina son in san gaskiyar lamari kafin in tashi."

Allah ya kai ka lafiya, ɗan'uwa, ya dawo da kai lafiya. Kafin komai ka riƙe wannan: wurin da za ka je makaranta ce tun asali. An yi shekara kusan 50 ana karatu a cikinta kafin a haƙa kabarin Shehu, kuma har gobe idan ka shiga za ka tarar da abu uku a haraba ɗaya, wato wurin salla da karatu, wurin dafa abincin mabuƙata, sannan kabari. Wanda ya zuba ido a kan kabarin kaɗai, ko don ya kushe ko don ya wuce gona da iri, bai ga wurin ba tukuna.

An haifi Shehu Abdulƙadir a shekara ta 470 bayan Hijira, wajen 1077 Miladiyya, a ƙasar Jilan da ke arewacin Iran ta yau. Ya shigo Bagadaza yana ɗan shekara 18, a 488 (1095), shekarar da Imamu Gazali ya ajiye kujerarsa ta Makarantar Nizamiyya ya fice daga birnin. Ya yi fiƙihun Hambaliyya a gaban Abul Wafa Ibnu Aƙil da Alƙali Abu Sa'id Almukharrimi, ya yi lugga da adabi a wurin Tibrizi, ya sami tarbiyyar sufanci a hannun Shehu Hammad Addabbas, mutumin da aka sani da tsanani ga almajiransa. Littattafan tarihinsa sun ce ya yi shekaru masu yawa yana kaɗaita a kufai da dazukan Iraƙi, yana fama da yunwa da yaƙi da son rai. Bai hau kujerar wa'azi ba sai a 521 (1127), ya riga ya ba shekara 50 baya. Wannan jinkiri abin lura ne. Mutumin da duniya ta sani da wa'azi ya shafe fiye da rabin rayuwarsa yana koyo, bakinsa a rufe.

Makarantar kuwa malaminsa Almukharrimi ne ya gina ta, 'yar ƙarama, a unguwar Babul Azaj da ke gabashin kogin Dijla. Almukharrimi ya rasu a 513, makarantar ta dawo hannun almajirinsa. Da jama'a suka fara tururuwa sai wuri ya kasa ɗaukarsu. Ibnul Jauzi, wanda suka yi zamani ɗaya a birni ɗaya, mazhaba ɗaya, kuma ba a san shi da sassauci ga sufaye ba, ya rubuta cewa makarantar ta yi wa mutane kaɗan har Shehu ya riƙa fita yana zama a jikin ganuwar gari, jama'a da yawa suna tuba a majalisinsa, daga baya talakawan gari suka tashi tsaye aka faɗaɗa ginin. An kammala wannan aiki a 528 (1134). Masu hali sun ba da dukiya, marasa hali sun ba da ƙarfinsu. Ginin farko na wurin nan ba sarki ne ya yi shi ba, malami ne ya kafa shi, mutanen unguwa da masu sauraron karatu suka faɗaɗa shi.

Daga 528 har rasuwarsa, shekara 33, a nan ya zauna da iyalinsa yana karantar da tafsiri, hadisi, fiƙihu, usulu da nahawu, yana ba da fatawa a mazhabar Ahmad, wato Hambaliyya, da ta Shafi'i. Wa'azi sau uku yake yi a mako: safiyar Juma'a da yammacin Talata a makaranta, safiyar Lahadi a ribaɗinsa, wato gidan da muridai ke zama. Wanda ya buɗe Alfatahur Rabbani, littafin da aka tara wa'azozinsa, zai ga an rubuta rana da wuri a kan majalisan, 62 ne, daga shekarun 545 da 546. Cikin waɗanda suka zauna a makarantar har da Muwaffaƙuddin Ibnu Ƙudama, mai littafin Almugni, wanda ya iso daga Dimashƙa yana saurayi ya riski Shehu a makonninsa na ƙarshe, ya yi karatu a gabansa.

Ya rasu a watan Rabi'us Sani na 561 (1166), yana da shekara 90 da ɗoriya. Masu tarihi sun saɓa a kan ranar, wasu sun ce 8 ga wata, wasu 10, amma 11 ce ta shahara a wurin mabiya. Saboda cunkoson jama'a ba a iya fita da shi zuwa maƙabarta ba, sai aka binne shi cikin dare a barandar makarantarsa, ɗansa Abdulwahhab ya yi masa salla. Da gari ya waye aka buɗe ƙofa mutane suka yi ta shigowa. Asalin kabarin ke nan a wannan wuri. Unguwar ma ta bi sunansa, yanzu Babus Shaikh ake ce mata, tana ɓangaren Rusafa, kusa da dandalin Khillani.

'Ya'yansa ne suka ci gaba da riƙe makarantar, musamman Abdulwahhab, sai Abdurrazzaƙ wanda ya yi fice a hadisi. Ɗariƙar Ƙadiriyya da tsarinta na halifofi da zawiyoyi da wuridi sananne ta ginu ne sannu a hankali bayansa, ta hannun 'ya'ya da jikoki da almajiran da suka karɓi rigar sufanci a wurinsa suka watsu Sham, Yaman, Masar da sauran ƙasashe. Sai ga masifar 656 (1258), lokacin da Hulaku da rundunar Mangolawa suka ci Bagadaza, suka kashe Halifa Musta'asim, suka yi wa birnin kaca-kaca. Zuriyar Shehu ta warwatsu, wani reshe ya je ya kafu a Hama ta ƙasar Sham, inda aka san su da sunan Kailani har yau. Warwatsuwar ta jawo alheri ta wani gefen, domin duk inda jikan Shehu ya sauka zawiya ta tashi, kuma duk zawiyar da ta tashi idonta yana kan Bagadaza.

Ginin da za ka gani yau yawancinsa daga baya ne, kuma tarihinsa na rushewa da sake ginawa ne. A 914 (1508) Shah Isma'ila, wanda ya kafa daular Safawiyya a Iran, ya kama Bagadaza, aka rushe hubbaren Imamu Abu Hanifa da na Shehu Abdulƙadir. Shekara 26 bayan haka, a 941 (1534), Sarki Sulaiman Alƙanuni na Usmaniyawan Turkiyya ya karɓe birnin, ya ba da umarni a sake gina wuraren biyu. A 1535 aka ɗora ƙubba a kan kabarin Shehu, aka tsara masallaci da gidan ciyarwa, aka yi musu wakafi. Shah Abbas ya sake ƙwace garin wajen 1623, wurin ya sake shan ɓarna, har Sarki Murad na Huɗu ya dawo da shi a 1638 ya gyara. Tsawon shekara 130 dauloli biyu suna fafatawa, kowacce idan ta ci gari sai ta nuna ƙarfinta a jikin kaburbura. Abin baƙin ciki ne, domin mutumin da ke kwance a wurin ya rasu fiye da shekara 300 kafin a kafa daular Safawiyya, ba shi da hannu a rigimar kowa. Amma darasin tarihi a nan a fili yake: girman ƙubba da yawan ado suna ba ka labarin sarakunan da suka gina ne. Labarin Shehu yana cikin littattafansa da almajiransa.

A zamanin Usmaniyawa gidan Shehu ya riƙe muƙamin Naƙibul Ashraf na Bagadaza, wato shugaban sharifai, tare da kula da wakafin hubbaren. Wakafin ba ƙarami ba ne, akwai gonaki da gidaje da shaguna, ga kyaututtukan da ke zuwa daga nesa, musamman daga Musulmin Indiya. Wannan ya sa gidan ya zama mai faɗa a ji a siyasar gari. Da Turawan Ingila suka tashi kafa gwamnatin Iraƙi ta farko a 1920, Sayyid Abdurrahman Annaƙib suka nema, jikan Shehu, ya zama firaministan ƙasar na farko har zuwa 1922. Rashid Ali Algailani, wanda ya yi firaminista ya kuma tsaya wa Ingila a 1941, shi ma daga zuriyar yake. A maƙabartar da ke manne da masallacin akwai manyan malamai da shugabannin Iraƙi da dama.

A zamaninmu ma wurin bai tsira ba. Ranar 28 ga Mayu 2007, a tsakiyar rikicin da ya biyo bayan mamayar Amurka, wata mota maƙare da bama-bamai ta tashi a kusa da shi, mutum fiye da 20 suka rasu, katanga da hasumiya suka taɓu. An gyara. Shi ya sa za ka tarar da bincike a ƙofa, kada abin ya dame ka.

Idan ka shiga, haraba ce mai faɗi za ta fara tarbarka, kewaye da ɗakuna na ɗalibai da baƙi. Akwai hasumiyoyin kiran salla, da hasumiyar agogo da aka gina a ƙarshen ƙarni na 19. Ƙubbobi biyu ne za su ja idonka: babbar fara ta masallaci, ginin tubali na zamanin Usmaniyawa, da mai shuɗin ado wadda ke kan kabari. Kabarin yana cikin ɗaki na musamman, an kewaye shi da shingen azurfa mai raga, rufin ɗakin an yi masa ado da ƙananan madubai. Ɗansa Abduljabbar shi ma yana kwance a cikin harabar. Akwai kuma ɗakin karatu na Ƙadiriyya, mai ɗauke da dubban littattafai, ciki har da rubuce-rubucen hannu da tsofaffin Alƙur'anai. Yawancin maziyarta suna wuce shi ba su leƙa ba, kai kada ka wuce.

Kada kuma ka wuce gidan abinci. Kullum ana ɗora manyan tukwane ana dafa shurba, ana raba wa duk wanda ya miƙo ƙwarya, ba a tambayar mazhabarsa ko addininsa. Mutanen unguwa da marayu da baƙi da waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu sun rayu da wannan abinci a shekarun takunkumi da na tashin hankali. Tushen abin daga bakin Shehu yake. Imamu Zahabi ya kawo maganarsa cewa ya bincika ayyuka duka bai ga wanda ya fi ciyar da abinci ba, kuma da duniya tana hannunsa da ya ciyar da ita ga mayunwata. A ganina, cikin duk abin da ake yi a harabar nan babu wanda ya fi kama da Shehu kamar tukunyar nan da da'irar karatu. Karatun ma bai yanke ba. Babban malamin nan Bakurde, Shehu Abdulkarim Almudarris, ya shafe shekaru masu yawa yana karantarwa da ba da fatawa a wani ɗaki na wannan haraba har ya rasu a 2005, aka binne shi a nan.

Yanzu ga abin da maziyarta ke yi. Mutum ya yi alwala, ya ba mai tsaron takalma takalminsa, ya shiga masallaci ya yi nafila raka'a biyu ta gaisuwar masallaci. Daga nan ya nufi ɗakin kabari, maza da ɓangarensu, mata da nasu. Ya tsaya ya yi sallama, ya karanta Fatiha da abin da ya sawwaƙa, yawanci Ƙulhuwallahu ko Yasin, ya yi wa Shehu addu'a, ya roƙi Allah buƙatunsa. Za ka ga masu kuka, za ka ga masu shafa shingen azurfa su shafa fuska, da masu ɗaura ƙyalle kore, da masu jefa kuɗi ko takardar da suka rubuta damuwarsu. Wanda ya yi bakance kuma buƙatarsa ta biya yakan zo da alewa ya raba, ko ya kawo dabba a kai gidan abinci. Za ka ji harsuna iri-iri, Larabci, Kurdanci, Urdu, Turkanci, da na mutanen Afirka da Indunusiya. 'Yan Shi'a na Bagadaza ma suna shigowa, kamar yadda Ahlus Sunna ke zuwa Kazimiyya, unguwar da hubbaren Imamu Musa Alkazim yake.

Sai zikiri. Ƙadirawa sukan yi da'ira, musamman daren Juma'a da ranarta, su yi ta maimaita La'ilaha illallahu da sunan Allah da salatin Annabi, masu bege suna rera ƙasidu, ana buga bandiri. Wuri yakan cika a Ramadan lokacin buɗa-baki, da watan Mauludi, da kuma 11 ga Rabi'us Sani, ranar tunawa da rasuwar Shehu, wadda mutanen Indiya da Pakistan suka fi kowa riƙewa, har wasunsu suna yin sadakar abinci ranar 11 ga kowane wata. Wataƙila ka taɓa ganin hotunan masu soka tsinken ƙarfe a jiki suna cewa karama ce. Wannan an fi saninsa da wasu rassa kamar Kasnazaniyya a zawiyoyinsu, ba ya cikin abin da Shehu ya koyar, kuma malaman Ƙadiriyya da yawa ba su yarda da shi ba.

To, mu zo kan abin da ya fi damunka. Masu cewa duk shirka ne sun yi kuɗin goro, masu cewa duk wanda ya je buƙatarsa ta biya su ma sun faɗi abin da ba su da hujja a kai.

Ziyarar kabari ita kanta sunna ce, babu saɓani ga maza. Hadisi ya inganta a Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce da ya hana ziyarar kaburbura, amma yanzu a ziyarce su, kuma ya koyar da sallamar da ake yi wa mazauna kabari. Haka nan akwai abin da malaman kowane ɓangare, sufaye da waɗanda ba sufaye ba, suka haɗu a kan haramcinsa: yin sujada ga kabari, yin ɗawafi a kewayensa kamar Ka'aba, yanka da sunan wanin Allah, da ƙudurta cewa waliyyi yana bayarwa ko hanawa da ikon kansa. Wanda ya yi waɗannan ya saɓa wa Shehu kafin ya saɓa wa kowa. Bakance ma don Allah ake yinsa. Idan mutum ya yanka don Allah ya ciyar da talakawan wurin ya yi kyautar ladan, wannan daban, idan kuwa ya nufi kusantar mai kabari da jinin dabbar, ya faɗa halaka.

A tsakanin waɗannan biyu akwai fili mai faɗi wanda malamai suka daɗe suna saɓani a cikinsa, kuma adalci shi ne a kira shi saɓani. Yin tafiya takanas don ziyarar kabari, Ibnu Taimiyya ya hana, yana kafa hujja da hadisin da ya ce ba a ɗaura sirdi sai zuwa masallatai uku. A kan wannan fatawa aka tsare shi a Dimashƙa a 726, ya rasu a tsare a 728. Taƙiyyuddin Subki ya yi masa raddi da littafi sukutum, kuma tun kafinsu Gazali ya tafi a kan halasci, yana ganin hadisin yana magana ne a kan masallatai. Tawassuli, wato ka roƙi Allah kana ambaton matsayin wani bawansa nagari, mafi yawan malaman mazhabobi na baya sun halatta, Ibnu Taimiyya da mabiyansa sun hana. Karanta Alƙur'ani a ba mamaci ladan, Hanafawa da Hambalawa sun yarda, abin da ya shahara daga Malik da Shafi'i saɓanin haka ne, amma malaman baya na mazhabobin biyu da yawa sun karkata ga halasci. Mafi zafi ita ce istigasa, mutum ya ce "Ya Shehu Abdulƙadir, madad," wato kawo agaji. Masu karewa suna cewa nufin mai faɗa Allah ne mai yi, Shehu sababi ne kawai. Masu hanawa suna cewa kira ne ga wanin Allah a kan abin da Allah kaɗai ke iyawa. Ni dai ba na kafirta Musulmi a kan lafazin da ke ɗaukar tawili, amma ba na ba kowa shawarar ya yi shi, domin talaka da ke kuka a jikin shinge ba kasafai yake rarrabe sababi da Mai sababi ba.

Abin da ya sauƙaƙa maka lamari shi ne mai kabarin da kansa ya rubuta yadda ake ziyarar kabari. A cikin littafinsa Algunya ya ce mai ziyara kada ya ɗora hannu a kan kabari, kada ya sumbace shi, kada ya zauna a kansa ko ya jingina da shi. Ya tsaya inda zai tsaya da mutumin yana raye, ya girmama shi kamar yana raye, ya karanta Ƙulhuwallahu ƙafa 11 da wani abu na Alƙur'ani, ya ba mai kabari ladan, sannan ya roƙi Allah buƙatarsa. Ka lura da kyau, maganar nan ta taɓa ɓangarorin biyu. Wanda ke cewa tsayuwa a kabari da karatu da addu'a bidi'a ce, ga Shehu Bahambale ya koyar da su, kuma a babin ziyarar Annabi a littafin ya kawo addu'ar fuskantar Allah da Annabinsa. Wanda kuma ke rungumar shinge yana sumbata yana ɗaura ƙyalle da sunan ƙauna, ga wanda yake ƙauna ya ce kada a yi. Na fahimci zuciyar mai shafa shinge, shauƙi ne ke jansa, kuma ba zan ce masa mushiriki ba. Amma idan ka je gidan mutum, tsarin mai gida ake bi.

A ƙarshen Futuhul Gaibi an kawo wasiyyar da ya yi wa ɗansa Abdulwahhab a ciwon ajali: ya ji tsoron Allah, kada ya ji tsoron kowa sai Shi, kada ya sa rai ga kowa sai Shi, ya miƙa buƙatunsa duka gare Shi, ya nemi komai daga gare Shi, sannan ya yi ta nanata masa tauhidi. Wannan littafi Ibnu Taimiyya da kansa ya yi wa wani sashe nasa sharhi, yana ambaton Shehu da girmamawa, yana sa shi cikin shehunan da suka fi kowa tsayuwa a kan shari'a. Shehu ne kuma aka ruwaito cewa wani haske ya bayyana gare shi, murya ta ce ita ce Ubangijinsa, ta halatta masa abin da aka haramta, shi kuwa ya nemi tsari ya kore ta, domin ya san shari'ar Annabi ba ta canzawa don kowa. Mutumin da wannan ne halinsa, ba ka girmama shi ba idan ka tsaya a kabarinsa ka bar Allah ka roƙe shi.

Game da biyan buƙata, Allah ke amsa addu'a, a inda ya so, a lokacin da ya so. Babu aya ko hadisi da ya ba da tabbacin cewa wanda ya je Babus Shaikh zai dawo da abin da ya nema. Abin da ba a musu shi ne zuciya takan yi laushi a irin wuraren nan, mutum ya tuna mutuwa, ya tuna bayin Allah da suka gabata, ya yi addu'a da halartowar da bai saba samu ba, kuma wannan na cikin sabubban karɓa. Idan wani ya tare ka ya ce ka ba da kaza a buɗe maka kaza, ka wuce abinka. Sadakarka ka kai ta gidan abinci ko ka ba ɗalibai.

Za kuma ka ji labaran karamomi masu yawa a bakin mutane. Karamar Shehu ba abin musu ba ce a wurin Ahlus Sunna. Ibnu Ƙudama ya ce bai ji wanda ake ba da labarin karamominsa kamarsa ba, an kuma ruwaito daga Izzuddin ɗan Abdussalam cewa karamominsa sun zo ta hanyoyi masu yawan da ba za a ƙaryata ba. Amma yawancin labaran da suka fi yawo sun fito ne daga Bahjatul Asrar na Shaɗɗanufi, malamin ƙira'a na Masar da ya rasu a 713, shekara 152 bayan Shehu. Zahabi, wanda ya yabi Shehu matuƙa, ya ce da yawa daga abin da ake jingina masa bai inganta ba, Ibnu Rajab shi ma ya soki littafin. Daga can ne aka samo sallar nan da ake yin raka'a biyu sannan a yi taku 11 ana fuskantar Iraƙi ana kiran sunansa. Ba ta cikin Algunya, inda ya jera sallolin nafila dalla-dalla, kuma ta yi hannun riga da wasiyyarsa. Ƙaunar Shehu ba ta wajabta maka gaskata duk abin da aka faɗa a kansa.

Idan ka sami zaɓi, ka je da hantsi a ranar da ba Juma'a ba, lokacin da cunkoso ya yi sauƙi, ka sami damar tsayawa a natse da shiga ɗakin karatu, sannan ka sake komawa ranar Juma'a don salla da zikiri. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto, musamman a ɓangaren da mata suke. Kuma tunda ka riga ka isa Bagadaza, ka ware yini guda don sauran magabata, domin silsilar Ƙadiriyya ta bi ta kansu ne kafin ta iso ga Almukharrimi. Ka tsallaka kogi zuwa Karkh, inda Ma'aruful Karkhi yake, wanda ya rasu wajen shekara ta 200, ba nisa da shi kuma akwai Sariyyus Saƙaɗi da ɗan 'yar'uwarsa Imamu Junaidu a wuri ɗaya. Shibli, almajirin Junaidu, yana A'azamiyya, kusa da masallacin Imamu Abu Hanifa, daga nan kuma gada ɗaya ce tsakaninka da Kazimiyya, inda Imamu Musa Alkazim yake.